Gadon Tsoho

Ya'u ya haura shekara arba'in kafin Allah ya ba shi haihuwa. Ya yi aure biyu a baya, aka zauna, aka rabu lafiya, ko ɓari ba a samu ba. Sai a kan Murja aka samu ɗa namiji, 'yan shekaru bayan an fara labarin jirgin ƙasa ya iso Kano. Ran suna aka mayar wa yaron sunan mahaifin Ya'u, marigayi Malam Iliyasu. Tun da ba mai iya buɗe baki ya kira sunan marigayi gatsau a cikin gidansa, sai kowa ya koma kiran jaririn Tsoho. Gwaggo Talatu kaɗai, ƙanwar marigayin, ita Yaya take ce masa.

To, ɗan fari ne, kuma kowa a Sule Tankarkar ya san yadda ake yi da ɗan fari. Uba ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yi masa wasa, ba ya cewa "ɗana". In an tambaye shi lafiyar yaro, sai ya dubi gefe ya ce gero ya yi kyau bana. A fuska dai Ya'u ya riƙe wannan kunya yadda ya kamata. A ciki kuwa, in Tsoho ya yi atishawa sau ɗaya, ranar tuwo ba ya wuce wa Ya'u a maƙogwaro.

Wata rana da hantsi, bayan an gama girbi, Murja ta kwantar da Tsoho a kan gadonta na kara ta fita shanya. Gadon dogo ne, irin na amare. Ashe a 'yan kwanakin nan yaron ya koyi juyi. Ya mirgina, ya ƙara mirginawa, sai ji aka yi tim, sai kuka. Tsakanin kansa da gindin randa bai fi tafin hannu ba.

Ya'u na tsakar gida yana sa wa fartanya ƙota. Bai san lokacin da ya kai bakin ɗakin ba. Ya ɗaga ƙafa zai shiga ke nan ya ga Gwaggo Talatu ta zuba masa ido, sai ya tsaya cak, ya ɗaga kai yana ƙwanƙwasa azarar ƙofa.

"Gara nake dubawa," in ji shi.

"Duba da kyau," in ji Gwaggo. Ta raɓa shi ta shiga, ta ɗauki yaron, ta shafa kansa, ta ja hannu ta ja ƙafa. "Yaya, daga zuwa duniya sai tsalle? Ba abin da ya same shi. Duk mai wayon da ka gani a garin nan sai da ya faɗo daga gado. Kai ne kawai, Ya'u, ba ka taɓa faɗowa ba, ga shi nan kuwa ana gani."

Daga ranar hankalin Ya'u bai ƙara kwanciya ba. Murja ta tare yaron da matashi, ya ture. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙasa, Ya'u ya tuna kunamar da ya kashe a bayan randa da damina, ga kaji, ga cinnaka. Gwaggo ta sa tsumma a cikin masaki ta kwantar da shi, ya yi miƙa ɗaya masakin ya kife da shi. Goyo kuwa ba ya yiwuwa daga safe har dare, ko wanka ai sai uwa ta sauke. Duk wannan Ya'u na kallo ta wutsiyar ido, ba shi da bakin magana. Iyakar abin da ya iya ce wa Murja shi ne, "Wannan gadon naki bai yi tsawo ba kuwa?"

"Shekara biyu kana ganinsa, Malam. Yau ya ƙara tsawo?"

Ta san abin da yake nufi, amma ita ma ɗan farinta ne, sai kowa ya dubi gefe.

Dabarar ta zo masa ne yana gyaran shingen da ya kewaye 'yan awaki. Ya tsaya ya daɗe yana kallon sandunan. Gado ƙarami, gajere, a kewaye shi da shinge ta ko'ina, mutum ya yi ta juyinsa har ya gaji.

Akwai mai yin gado a garin, amma matarsa makitsiya ce. In ya je can da safe, kafin azahar duk macen da aka yi wa kitso ta san Ya'u na yi wa ɗan fari hidima. Gumel ma ba ta yi ba, 'yan garinsu sun cika cin kasuwarta. Saboda haka ya ɗaura wa jaki akumari ya ce Maigatari zai je sayen kanwa.

"Kanwa ta ƙare a Gumel ne?" in ji Gwaggo.

"Ta can ta fi kyau."

A kasuwar Maigatari, bayan 'yan raƙuma, aka nuna masa rumfar Ɗantala mai gado. Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, yana zaune tsakanin tarin kara da sanduna yana murza igiyar rama a cinya. Suka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi amfanin gona.

"Gado nake so," in ji Ya'u.

"Ga su nan. Na amarya ko na gwauro?"

"A'a. Na wani ne a gidanmu." Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya rage murya. "Na Tsoho ne."

Ɗantala ya ajiye igiya. "Allah sarki. Tsohon naka?"

Kunya ta kama Ya'u har kunne. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya sunkuyar da kai yana zana ƙasa da yatsa. Shi Ɗantala tuni ya hango dattijo mai furfura kwance a ɗaki. Shi kuwa Ya'u gani yake an gane shi sarai.

"Me ya same shi?"

"Faɗowa ya yi daga gado."

"Subhanallahi! Bai karye ba?"

"Allah ya tsare. Ya dai sha kuka."

"Dole ya yi kuka, irinsu ƙashi ba ƙwari. Yana ɗan takawa?"

"Ina! Ko zama sai an tallafe shi."

"Magana fa?"

"Yana yi, amma ba mai ganewa. Ga yawu."

"Haka suke. Haƙori?"

"Ko ɗaya."

"To me yake ci?"

"Nono. Nono kawai. An gwada masa koko ya tofar."

"Nono na yi musu kyau. Kuna da Fulani kusa ke nan."

Ya'u ya rasa abin da ya kawo Fulani cikin zancen, amma bai so ya ƙwari mutum. "Akwai su," ya ce. "Muna zaman lafiya."

"Madalla. Wa ke ɗawainiya da shi?"

"Mai ɗakina. Ita ke masa wanka, ita ke wanke shimfiɗa in ya ɓata. Kusan a bayanta yake yini."

"A bayanta?"

"A goye. Da shi take daka, da shi take zuwa rijiya."

Ɗantala ya cire hula, ya sosa ƙeya, ya mayar. "Malam, ka riƙe matar nan hannu biyu. Na ci kasuwa daga nan har Damagaram, ban taɓa jin irinta ba."

Ya'u ya ce a ransa, ashe matan bakin iyaka ba sa goyo. Kowane gari da nasa.

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ce a kewaye gadon da shinge ta ko'ina. Ya ce kar a bar tsini ko sartse, don duk abin da hannun Tsoho ya kama, baki yake kaiwa. Ya ce a yi ɗauri mai ƙarfi, don in ransa ya ɓaci shuri yake yi. Ƙasan kuma a bar 'yan kafofi tsakanin kara, saboda... ruwa ya samu hanya.

"Na gane, ba sai ka ƙarasa ba," in ji Ɗantala. "Tsawonsa fa?"

A nan Ya'u ya maƙale. In ya ware hannu ya nuna, ya tona wa kansa asiri ke nan cewa yana tsayawa yana ƙare wa ɗan fari kallo.

"Kai ma ai ka san irinsu," ya ce.

"Na sani. Ni ma na yi fama da nawa shekara uku, kafin Allah ya karɓi abinsa."

Idon Ya'u ya kawo ruwa. Yaro ɗan shekara uku, ya fara gudu, ya fara surutu. "Allah ya sa mai ceto ne," ya ce.

Ɗantala ya ɗan dube shi, don bai taɓa jin an yi wa tsoho wannan addu'a ba. Ya ce amin dai.

"Ka bar masa wuri sosai," in ji Ya'u yana miƙewa. "Kullum ƙara nauyi yake."

"Kumburi ya fara ke nan," in ji Ɗantala can ƙasa-ƙasa. Ya'u bai ji ba, yana leƙen ko akwai ɗan garinsu a kusa.

Suka daidaita, Ya'u ya faɗi garinsu da unguwarsu, aka tsayar zai dawo ya ɗauka kasuwa ta sama. Ya kamo hanya yana yaba mutumin. Ga mai hankali, ga sanin ya kamata, tun daga farko har ƙarshe bai ce "ɗanka" ba ko sau ɗaya. Sai da ya hango rumbunan garinsu ya tuna bai sayi kanwa ba.

"Ina kanwar?" in ji Gwaggo.

"Ta yi tsada."

Bai samu komawa ba. Ana saura kwana kaɗan kasuwa, bayan azahar, yana zaune a ƙofar gida da maƙwabta ana ɓarar gyaɗa, sai ga raƙumi ya shawo kwana, wani Buzu na jansa, Ɗantala na biye a kan jaki. A bayan raƙumin an ɗaure wani abu kamar rumfar kasuwa. Rabin unguwa na biye da su.

Aka gurfanar da raƙumi, mutum huɗu suka sauke kayan. Gado ne. Ƙato biyu za su kwanta a kai ba mai taɓa wani. Ƙafafunsa na itacen ƙirya, tsayinsa ya kai cinya, an kewaye shi da sanduna masu kauri an goge su sumul, tsakanin sanda da sanda tunkiya za ta iya zura kai.

Ya'u ya dubi gadon. Zancen rumfa ya dawo masa ɗaya bayan ɗaya, haƙori, nono, Fulani, shekara uku. Gyaɗar da ke hannunsa ta zube.

"Na ce bai kamata mai jinya ya sake doguwar tafiya ba," in ji Ɗantala yana murmushi. "Ga wannan bawan Allah zai yi kudu, na ce ya rage mini hanya. Na ɗaga shi sama don kar mai ɗakinka ta riƙa sunkuyo, ta sha wahala haka nan. Kuma ina so in gaida Tsoho, ya sa mini albarka."

Hayaniya ta fito da Gwaggo Talatu, tana dogara sanda, kanta fari fat. Ɗantala ya rusuna.

"Iya, ina wuni? Ya mai jiki?"

"Wane mai jiki?"

"Tsoho."

"Yayan nawa? Lafiyarsa ƙalau, yanzu ya tashi daga barci."

"Yayanki ne?" Ɗantala ya dubi furfurarta, ya dubi sandarta, ya girgiza kai. "Ikon Allah."

"Bari in ɗauko maka shi."

"Ke kaɗai, Iya? A samu majiya ƙarfi mana."

"Da hannu ɗaya nake ɗaukarsa," in ji Gwaggo, ta shige.

Kafin ta fito Ɗantala ya durƙusa, ya sunkuyar da kai kamar yadda ake yi wa manya, ya miƙa hannu biyu da ɗan ƙunshi a ciki. Da ya ga ƙafafu sun tsaya a gabansa sai ya fara.

"Baba, barka da hutawa. Ya ƙarfin jiki? Ga ɗan goro nan na goge maka, tun da an ce ba haƙori. Ga taba kuma. A sa mana albarka."

Wani ɗan hannu ya sauko ya cafke hularsa ya ja. Ɗantala ya ɗago kai, ya yi ido huɗu da Tsoho, yana tsotsar bakin hular, yawu na zuba.

Nan take wuri ya ɓarke da dariya. Wani dattijo ya kwanta a kan buhun gyaɗa yana riƙe ciki. Ta bayan darni ana jin mata suna shewa. Buzun bai san abin da ake ciki ba, amma da ya ga kowa na yi shi ma ya gyara rawani ya taya.

Gwaggo ce kawai ba ta yi dariya ba. Ta zaga gadon, ta ƙwanƙwasa shi da sanda. "To, wa ya aika a yi wa Yaya gado?"

Ido ya koma kan Ya'u. Da ƙasa za ta tsage da ya shige.

"Ɗan fari ne?" Ɗantala ya tambayi na kusa da shi a hankali. Aka gyaɗa masa kai. Mutumin kirki ne, nan take ya miƙe ya kaɗe gwiwa. "Jama'a, ni ne ban ji da kyau ba. Kasuwa ce, ga kukan raƙuma. Na tsohuwa aka ce, na Iya ne."

"E," in ji Ya'u da sauri. "Na Gwaggo ne."

"Nawa? Ni za a sa a shinge? Akuya ce ni?" Aka sake kwashewa. "To shi ke nan, an gode. Tun da nawa ne, bari Yaya ya fara ɗana mini, shi ne babba."

Ta kwantar da Tsoho a tsakiyar gadon, ta juya tana ba matan bayan darni amsa. Kowa na kallon Gwaggo. Ya'u kaɗai ke kallon gado. Tsoho ya hango raƙumi yana tuƙa, ya yi masa gwalangwalan, ya mirgina. Ya ƙara mirginawa. Ƙafafunsa suka zura tsakanin sanda biyu, ciki ya bi, ƙirji ya bi.

Ba wanda ya ga tashin Ya'u. Tiren gyaɗa dai aka gani a sama, sai ga shi a gindin gado a durƙushe, yaron a ƙirjinsa.

"Wannan shinge ne ko ƙofar gari?" Ya'u ya ɗaga murya, har bayan unguwa ana ji. "Ɗana ne! Na ɗana na ce a yi! Tsawonsa daga gwiwar hannuna zuwa yatsa, a ƙara tafi ɗaya. Ta hagu yake juyawa, ba ya juyawa ta dama. Tsakanin sanda da sanda kar ya wuce yatsa uku, in ya wuce ƙafarsa za ta shiga. Tsayinsa kar ya wuce nan," ya nuna ƙwaurinsa, "amma kar ya kwanta a ƙasa, akwai kunama a ɗakin nan!"

Ya tsaya yana haki. Sai a lokacin ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya ga kuma abin da ke hannunsa.

"Yaushe ka auna shi?" in ji Gwaggo.

Daga bayan darni aka ji muryar Murja, ba da ƙarfi ba. "Shi ya sa kullum in na dawo daga wanka nake tarar an gyara masa zane."

Ya'u ya miƙa wa Gwaggo yaron. Ta maida hannuwanta baya. Ya miƙa wa maƙwabcinsa, ya ce hannunsa duk ƙasar gyaɗa ce.

"Riƙe abinka," in ji Gwaggo. "An riga an gani."

Ɗantala ya kwance jakarsa daga jaki, ya ciro gizago da wuƙa da ƙullin igiya. A nan ƙofar gida ya yanke ƙarshen gadon, ya datse ƙafafu, ya aika aka saro masa sandunan geza sirara. Ya'u na tsaye a kansa da yaro a kafaɗa. Duk sandar da aka ɗaura sai ya zura yatsa uku ya gwada. Biyu ya sa aka kwance aka sake. Da aka gama ya bi kowace sanda da kumatunsa yana neman sartse, mutane na kallo, wasu na ba shi shawarar ya gwada da harshe.

"Da ka faɗa mini haka tun a rumfa," in ji Ɗantala yana share gumi, "da a hammata zan kawo maka shi. Na gaya wa duk kasuwa labarin matarka. Yanzu me zan ce musu?"

"Ka bar su a haka," in ji Gwaggo. "Ai tana goyon." Ta sa aka cire shingen ragowar gadon, aka shigar mata da shi ta kan darni, don bai shiga zaure ba. Goron da tabar ma ita ta karɓe.

Da la'asar sakaliya Ya'u ya shigar da ƙaramin gadon ɗakin Murja da kansa, ya ajiye shi nesa da randa. Murja ta ninka tsohon zane mai laushi ta shimfiɗa. Aka kwantar da Tsoho. Ya dubi rufin ɗaki, ya yi miƙa, ya mirgina, shinge ya tare shi. Ya yi ƙunƙuni, ya shura, shinge bai motsa ba. Ya kama sanda ɗaya ya tsotsa, ya tsotsa, idonsa ya lumshe.

Ya'u na tsugune yana kallon cikin yaron na hawa yana sauka, sai ya ji an ɗaga murya daga ƙofar gida. Maƙwabta ne, har sun raɗa masa suna.

"Uwar Tsoho! Ana sallama da Uwar Tsoho! A zo a kwashe gyaɗa!"

Murja ta toshe baki da gefen zane. Ya'u ya miƙe a hankali, ya bi ta zaure a kan yatsun ƙafa, ya leƙa.

"Na ji," ya ce. "A rage murya, barci yake."